Ibn Rushd: Alƙalin Malikiyya Da Batun Farkon Duniya Ya Jawo Wa Kora

Duk almajirin da ya yi nisa a karatun fiƙihu, ko a zaurukan Zangon Tamale ne, ko Salaga, ko Kano, da wuya a ce bai taɓa jin sunan Bidayatul Mujtahid ba. Littafi ne da ake komawa gare shi idan ana son a san inda malaman mazhabobi suka saɓa a kan wata mas'ala da kuma dalilin saɓanin, tun daga alwala har zuwa ciniki da bashi da jingina da haɗa jari. Sai dai da yawa daga cikin masu buɗe littafin ba su san cewa mai shi ya faɗa cikin tuhuma a ƙarshen rayuwarsa ba, inda aka kore shi daga garinsu, aka kuma ƙona wasu daga cikin littattafansa. Falsafarsa aka kafa hujja da ita, kuma a tsakiyar wannan falsafa akwai wata tambaya da ta daɗe tana raba kan masana: shin wannan duniya tana da rana ta farko, ko kuwa ba a taɓa yin wani lokaci da babu ita ba? A wannan makon filin namu zai duba rayuwar wannan bawan Allah.

Sunansa Abul Walid Muhammad ɗan Ahmad ɗan Muhammad ɗan Rushd. An haife shi a birnin Ƙurɗuba na ƙasar Andalus, wato kudancin Sifaniya ta yau, a shekarar 1126, wadda ta yi daidai da 520 bayan Hijira. A wannan shekara ce kakansa ya rasu, wanda shi ma sunansa Abul Walid Muhammad, shi ya sa malamai suke bambanta su da cewa Ibn Rushd kaka da Ibn Rushd jika. Kakan shi ne babban alƙalin Ƙurɗuba kuma limamin babban masallacinta, shi ne mai littafin Al-Bayan wat Tahsil da Al-Muƙaddimat. Idan ka ji an ambaci Ibn Rushd a cikin Mukhtasar na Shehu Halilu, to kakan ake nufi. Mahaifinsa ma ya yi alƙalanci. Ke nan gadon gidan ne ya tarar.

Ya buɗe ido ne a zamanin daular Murabiɗun, wadda dinarenta ya yi suna har cikin ƙasashen Turai, kuma 'yan kasuwa su sani, zinariyar da ake buga wannan dinare da ita daga nan ƙasashenmu na Afirka ta Yamma ayari yake ɗaukar ta ya ratsa Sahara da ita zuwa Sijilmasa. Yana ɗan shekara 21 daular Muwahhidun ta kama Marrakish a 1147, daga baya ta haɗa da Andalus. A ƙarƙashin wannan sabuwar daula ya yi dukkan aikinsa.

Ya haddace Muwaɗɗa ta Imam Malik, ya yi fiƙihu da hadisi da lugga, sannan ya shiga likitanci a hannun Abu Ja'afar ɗan Haruna. Masu rubuta tarihinsa sun ce tun da ya yi hankali bai taɓa barin karatu da dare ba sai sau 2, daren da mahaifinsa ya rasu da daren aurensa. A 1153 yana Marrakish yana duban taurari, kuma wajen 1162 ya rubuta babban littafinsa na likitanci, Al-Kulliyat.

Tambayar Sarkin Musulmi

Wajen shekarar 1169 ne abokinsa Ibn Ɗufail, likitan fada, ya shigar da shi gaban Sarkin Musulmin Muwahhidun, Abu Ya'aƙub Yusuf. Malamin tarihi Al-Marrakushi ya kawo labarin wannan zama. Bayan sarki ya tambaye shi sunansa da na mahaifinsa da asalinsa, sai kawai ya jefo masa tambaya a kan ra'ayin masana falsafa game da sammai, ko daɗaɗɗu ne ko fararru. Tsoro ya kama Ibn Rushd, domin kuwa ya san amsar irin wannan tambaya tana iya raba mutum da kansa, sai ya shiga kame-kame yana nuna shi bai san falsafa ba. Da sarki ya lura, sai ya juya ga Ibn Ɗufail, ya shiga zayyano abin da Aristo da Aflaɗon suka ce da irin raddin da malaman Musulunci suka yi musu, har hankalin baƙon ya kwanta ya saki baki. Ya fita daga fada da kuɗi da riga da abin hawa. Ba a daɗe ba aka ba shi aikin yi wa littattafan Aristo sharhi, saboda sarki ya koka da wuyar fahimtarsu, aka kuma naɗa shi alƙalin Ishbiliya.

To mene ne abin tsoro a cikin wannan tambaya? Duk wanda ya yi karatun tauhidi a makarantar zaure ya san cewa daɗewa sifa ce ta Allah, wato ba Shi da farko, kuma duk wanin Allah fararre ne, da babu shi sannan aka same shi. Hujjar da muka gada daga Ummul Barahin ta Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ita ce jikkuna ba sa rabuwa da motsi ko tsayuwa, motsi da tsayuwa kuwa fararru ne tunda muna ganin ɗaya yana gushewa ɗaya yana zuwa, abin da ba ya rabuwa da fararre kuma shi ma fararre ne. Daga faruwar duniya ake kafa hujjar samuwar Mahalicci. Saboda haka a wurin malaman tauhidi, wanda ya taɓa faruwar duniya tamkar ya zare tubalin ƙasa ne daga gini.

Amma Aristo na Girka, da waɗanda suka bi sawunsa a cikin Musulmi irin su Farabi da Ibn Sina, sun tafi a kan cewa sammai da motsinsu ba su da farko a lokaci. Imam Gazali ya tashi haiƙan a kansu a littafinsa Tahafutul Falasifa, wanda ya kammala a 1095. Ya lissafa mas'aloli 20, ya ce 17 bidi'a ne, 3 kuwa kafirci ne, ta farkonsu ita ce cewa duniya daɗaɗɗiya ce. Gazali ya rasu a 1111, shekara 15 kafin haihuwar Ibn Rushd, don haka ba su taɓa haɗuwa ba. Wajen 1180 Ibn Rushd ya ɗauki littafin Gazali sakin layi bayan sakin layi yana ba shi amsa, ya sa wa nasa suna Tahafutut Tahafut.

Dabino biyu da zagayen Zuhal

Hujjar farko ta masana falsafa ita ce ta jinkiri. Sun ce Allah bai taɓa rasa iko ko ilimi ko kyauta ba, babu kuma abin da yake sabunta a gare Shi. Ɗan kasuwa yakan jinkirta buɗe rumfa ne don jari bai cika ba, ko kaya ba su iso ba, ko yana jiran kasuwa ta ci. Wanda ba Ya jiran komai, me zai sa Ya bar halitta har zuwa wani lokaci, alhali babu abin da ya bambanta wannan lokaci da wanda ya gabace shi? Gazali ya amsa da cewa aikin nufi ke nan, ya zaɓi abu ɗaya daga cikin abubuwa masu kama da juna. Ya kawo misalin mayunwaci da aka ajiye wa dabino 2 iri ɗaya sak, kuma ba zai iya ɗaukar duka ba. Ba zai zauna yunwa ta kashe shi ba don ya rasa abin da ya fifita ɗaya, dole ya miƙa hannu ya ɗauki guda. Ibn Rushd ya ce misalin bai zauna ba, domin mutumin ba tsakanin dabino da dabino yake zaɓi ba, tsakanin ci da rashin ci yake zaɓi, kuma ci ya fi masa. Ya ƙara da cewa ba daidai ba ne a auna nufin Allah da nufin mayunwaci, wanda buƙata ce take tura shi.

Ta biyu ita ce ta lokaci, kuma ita ce ta fi ɗaure kai. A wurin Aristo lokaci ba wani fili ba ne da yake shimfiɗe yana jiran a zuba abubuwa a ciki, awo ne na motsi, kamar yadda mudu ba ya da aiki sai da hatsi. Idan babu abin da yake motsi, babu lokaci. To wanda ya ce akwai lokacin da babu duniya, ya riga ya sa lokaci kafin lokaci. Gazali ya ce wannan ruɗin tunani ne kawai, kamar yadda mutum ba ya iya sawwala ƙarshen sama ba tare da ya ga kamar akwai wani sarari a bayanta ba. Allah Ya halicci lokaci tare da duniya, babu wani kafin.

Daga nan sai Gazali ya kai nasa harin da lissafi. Rana tana kammala zagayenta a shekara 1, tauraron Zuhal kuwa sai ya yi shekara 30. Idan duka biyun suna zagaye tun babu farko, to zagayen kowannensu ba shi da iyaka, amma kuma na rana ya ninka na Zuhal sau 30. Yaya marar iyaka zai fi marar iyaka yawa? Kuma adadin zagayen da suka wuce, shafa'i ne ko wutiri? Ibn Rushd ya ce ana yin irin wannan kwatanci ne tsakanin abubuwan da suke da farko da ƙarshe. Ka ɗebi shekara 300, za ka sami zagayen rana 300 da na Zuhal 10, wannan daidai ne. Amma zagayen da suka wuce ba tarin buhuna ba ne da suke jibge a sito wuri guda da za a ƙirga a fitar da jimilla, kowanne ya shuɗe kafin na bayansa ya zo. Abin sha'awa, a ƙarshen ƙarni na 19 wani masanin lissafi Bajamushe, Georg Cantor, ya kafa wa wannan fanni ƙa'ida, inda a yau ake koyar da cewa lambobin shafa'i kaɗai ana iya jera su ɗaya bayan ɗaya su yi daidai da dukkan lambobi, tunda kowace lamba tana da ninkinta. Abin da Gazali ya gani a matsayin warwara, masu lissafin yau sun ɗauke shi a matsayin ɗabi'ar abin da ba shi da iyaka. Ko hakan yana yiwuwa ga kwanaki na zahiri kamar yadda ya yiwu ga lambobi a kan takarda, wannan har yanzu ana ja.

A nan ya kamata a yi wa mutumin adalci, don an sha yi masa ƙage. Ibn Rushd bai ce duniya ta samar da kanta ba, bai kuma ce ba ta da Mahalicci ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne, duniya tana buƙatar Allah a kowane numfashi, halittarta ba ta taɓa yankewa ba, kuma a ganinsa Mai yi kullum ya fi cancantar sunan Mahalicci a kan wanda ya yi sau ɗaya. A ƙaramin littafinsa Faslul Maƙal ya kasa samammu gida 3. Akwai abin da aka yi daga wani abu a cikin lokaci, kamar tsiro da dabba, kowa ya yarda fararre ne. Akwai Allah, kowa ya yarda daɗaɗɗe ne. Sai duniya gaba ɗayanta a tsakiya, ba a yi ta daga wani abu ba, lokaci bai gabace ta ba, amma tana da Mai yi. Ya ce wanda ya dubi kamarta da kashi na farko ya kira ta fararriya, wanda ya dubi kamarta da na biyu ya kira ta daɗaɗɗiya, saɓanin ya kusa zama na suna, bai kai a kafirta wani a kansa ba. Ya kuma yi nuni da ayar Suratu Hud da ta ambaci Al'arshi da ruwa, da ta Suratu Fussilat da ta ambaci hayaƙi, yana mai cewa zahirinsu yana nuna akwai wani abu kafin wannan siffa ta sammai da ƙasa.

Jumhurun malamanmu ba su karɓi wannan ba, kuma mai wannan fili yana tare da su a kan cewa duk wanin Allah yana da farko. Amma akwai wani ɓangare na maganarsa da ya yi kama da abin da muka sani a gida. Ibn Rushd ya nace cewa irin wannan muhawara ba ta kowa da kowa ba ce, kada a ɗora wa talaka hujjojin da ba zai iya ɗauka ba, hujjojin Alƙur'ani na lura da halitta sun ishe shi, har ma ya zargi Gazali da fito da zancen fili. Shekaru 600 bayansa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi fama da wasu ɗaliban ilimin tauhidi a ƙasar Hausa waɗanda suke kafirta jama'a don ba su iya kawo hujjojin aƙida irin na littafi ba, ya kuma yi musu raddi a rubuce-rubucensa irin su Hisnul Afham. Hanyarsu ba ɗaya ba ce, amma dukansu sun ƙi a mayar da kafirtawa abin wasa. Mu da muka ga yadda saɓanin malamai yake raba masallatai da gidaje a garuruwanmu, mun san nauyin wannan.

Faɗuwa

Duk wannan rubutu yana yin sa ne a tsakanin shari'u da tafiye-tafiye. Ya koma Ƙurɗuba a 1171, ya sake alƙalancin Ishbiliya a 1179, sannan a 1182 ya gaji Ibn Ɗufail a matsayin likitan sarki, aka kuma ba shi kujerar kakansa ta babban alƙalin Ƙurɗuba. Babin aikin Hajji na Bidaya sai a 1188 ya ƙara shi.

Sarki Abu Ya'aƙub ya rasu a 1184, ɗansa Ya'aƙub Al-Mansur ya gaje shi, kuma shekara 10 yana girmama Ibn Rushd. A 1195, shekarar da ya ci sojojin Kastila a yaƙin Al-Arak, sai al'amari ya juya. Wasu malaman Ƙurɗuba suka kai ƙara, aka yi zama a bainar jama'a, aka la'anci koyarwarsa. Masu tarihi sun kawo dalilai daban-daban. Wasu sun ce an tsinto wani layi a rubutunsa inda yake hakaito maganar mutanen da cewa tauraruwar Zara abin bauta ce, aka karanta shi kamar nasa ne. Wasu sun ce a littafinsa na dabbobi, da yake bayanin raƙumin dawa, ya ce ya gan shi a wurin sarkin Barbar, ba tare da laƙabin girmamawa ba, abin ya ɓata wa sarki rai. Wasu sun ambaci kusancinsa da ɗan'uwan sarki, gwamnan Ƙurɗuba. Da yawan masana na yau suna ganin sarki yana buƙatar goyon bayan malaman fiƙihu ne a lokacin yaƙi, sai ya ba da tsoho ɗan shekara 69 fansa.

Aka tura shi Alyusana, wani ƙaramin gari a kudu da Ƙurɗuba wanda aka san shi da Yahudawa. Aka ba da umarnin ƙona littattafan falsafa, ban da na likitanci da lissafi da abin da ake sanin lokutan salla da alƙibla da shi. An ruwaito cewa abin da ya fi yi masa ciwo shi ne ranar da ya shiga masallaci a Ƙurɗuba shi da ɗansa za su yi La'asar, wasu gama-garin mutane suka taso suka fitar da su. A wannan birni ne dai aka ƙona Ihya'u Ulumiddin na Gazali a 1109, zamanin Murabiɗun. Wutar da ta ci littafin mai suka ita ce ta dawo ta ci na mai ba shi amsa.

Korar ba ta daɗe ba. Wasu manyan Ishbiliya suka yi masa shaida, sarki ya yafe masa ya kira shi Marrakish, inda ya rasu a watan Disamba na 1198, cikin Safar na 595, yana da shekara 72. Bayan 'yan watanni aka ɗauko gawarsa zuwa Ƙurɗuba. Shehu Ibn Arabi, wanda ya taɓa haɗuwa da shi tun yana saurayi, yana wurin, ya kuma ba da labarin cewa an ɗora akwatin gawar a gefe ɗaya na dabba, aka ɗora littattafansa a ɗaya gefen don kayan su daidaita, kamar yadda ake yi wa mangala.

Bayan rasuwarsa falsafarsa ba ta sami magada sosai a ƙasashen Musulmi ba, sai ta ƙetara. Tun wajen 1230 aka fassara sharhohinsa zuwa Latin da Ibraniyanci, har ta kai a jami'o'in Turai idan aka ce Mai Sharhi kawai, shi ake nufi. Wasu littattafan nasa ma a waɗannan harsuna kaɗai suka tsira, asalin Larabcin ya ɓata. Rigimar ta bi shi can, domin a 1270 da 1277 babban limamin cocin Paris ya haramta koyar da wasu ra'ayoyi, a karo na biyu har 219, ciki har da daɗewar duniya. Duniyar Ibn Rushd dai marar farko ce amma tana da iyaka a girma, ƙasa a tsakiya, sammai sun kewaye ta. Wanda ya ce sararin ma ba shi da iyaka, kuma taurari ranaku ne masu nasu duniyoyi, shi ne Giordano Bruno na Italiya, a littafinsa na 1584. An ƙone shi da rai a birnin Rum a 1600 bisa tuhumar bidi'o'i da dama.

A ƙarni na 20 madubin hangen nesa ya shigo cikin zancen. Georges Lemaître a 1927 da Edwin Hubble a 1929 sun nuna gungun taurari suna nisantar juna, wato sararin yana buɗewa. A 1948 Fred Hoyle da abokansa 2 suka farfaɗo da ra'ayin duniya marar farko, suna cewa sabon abu yana ta samuwa yana cike gurbi, maganar da take da ƙamshin halitta marar yankewa ta Ibn Rushd. Amma a 1965 aka ba da sanarwar gano wani raunannen haske da ya cika sararin sama ta kowace fuska, ragowar zafin farko, ra'ayin Hoyle ya faɗi. A yau masana suna ƙiyasta cewa shekara biliyan 13.8 ke nan da fara wannan buɗewa. Sammai da Aristo ya ɗauka ba sa canzawa sun tabbata suna da shekaru, a nan Gazali ya fi kusa. Sai dai lissafin masana yana tsayawa ne dab da wannan farko, bai faɗi ko akwai wani hali kafinsa ba, shi ya sa har yanzu wasu irin su Roger Penrose suke kawo ra'ayin duniya mai maimaituwa zango bayan zango.

A ƙasar Hausa ma an sami wanda ya leƙa wannan fage. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Hadiza, wanda aka haifa a 1804 ya rasu a 1864, ya yi rubutu a kan falsafa da tsarin halittu a makarantarsa ta Salame, kuma Bature matafiyi Heinrich Barth da ya gan shi a 1853 ya sa shi a gaban masanan Sakkwato na zamaninsa. Shi ma, kamar alƙalin Ƙurɗuba, jama'a sun fi saninsa da wani littafin daban, wato Raudatul Afkar na tarihin sarakunan Hausa. Allah Ya jiƙan magabata.